Kundin da ya tsallake yaƙi, ya yi ɓatan dabo cikin zaman lafiya: lamarin jaridar Kurant ta Amsterdam

Duk wanda ya zauna rubuta tarihin jaridun Yahudawa, dole ya bi ta kan wata 'yar jarida da aka buga a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a shekarun 1686 da 1687. Ita ce jarida mafi tsufa da aka sani a harshen Yidish, har wani babban masanin harshen, Max Weinreich, ya yi mata laƙabi da kakar jaridun Yidish. Ana ambatonta a littattafai, ana koyar da ita a jami'o'i, an yi digirin digirgir a kanta. Amma yau babu mai iya nuna maka inda takardar take. Kwafi ɗaya tak aka taɓa sani a duniya, ɗaure cikin ƙaramin kundi guda, kuma kusan shekara 50 ke nan ba a sake ɗora ido a kansa ba. Wuta ba ta ci shi ba, 'yan Nazi ma da suka kwashe shi ba su halaka shi ba. A lokacin da ake ɗawainiyar kare shi ya salwanta.

Wace irin jarida ce

Sunanta ya danganta da ranar fitowa. In ta fito Talata a kira ta Dinstagishe Kurant, in Juma'a ce Fraytagishe Kurant, ko da yake akwai lokutan da ta koma Juma'a kaɗai. Fitowa mafi tsufa a cikin kundin ta ranar Juma'a ce, 9 ga Agusta 1686, ta ƙarshe kuma 5 ga Disamba 1687. Wata 16 ke nan, kusan.

Yidish harshen Yahudawan tsakiya da gabashin Turai ne, waɗanda ake kira Ashkenazawa. Jikinsa na Jamusanci ne, da kalmomin Ibrananci da na harsunan gabashin Turai a ciki, amma da haruffan Ibrananci ake rubuta shi, kamar dai yadda ajami ya ɗauki haruffan Larabci ya rubuta Hausa da su. Ashkenazawan Amsterdam na wancan zamani yawancinsu baƙi ne, yaƙin shekara 30 na ƙasar Jamus da kashe-kashen 1648 a Poland da Yukren suka koro su. Sun tarar da gari cike da jaridu, don a ƙarni na 17 Amsterdam ce kasuwar labarai ta Turai, amma da yawansu baƙin boko bai zauna musu ba. Ga jarida a hannun kowa, su kuwa sai dai a karanta musu. Wannan gurbi Kurant ta shiga.

Wanda ya fara buga ta shi ne Uri Faybesh Halevi, tsohon hannu a sana'ar ɗab'i, wanda maɗaba'arsa ta fitar da fassarar littafin Yahudawa mai tsarki cikin Yidish a ƙarshen shekarun 1670. A watan Yunin 1687 aikin ya koma hannun David de Castro Tartas, wanda dama yana buga wata jarida da Sifaniyanci, Gazeta de Amsterdam. Maɗaba'a ta sauya, amma mai harhaɗa labaran bai sauya ba. Sunansa Moushe bar Avrom Ovinu, mutumin Nikolsburg da ke yankin Morabiya, kuma sunan kansa yana ba da labari: ma'anarsa Musa ɗan babanmu Ibrahim, wato sunan da ake raɗa wa wanda ba a haife shi Bayahude ba, daga baya ya shiga addinin. Mutumin da ya taso da baƙin boko, ya zo ya koyi na Ibrananci, shi ya fi dacewa ya tsaya a tsakani.

Aikinsa shi ne ya ɗauko jaridun Holan, musamman ta garin Haarlem, ya zaɓa, ya taƙaita, ya juya zuwa Yidish. Shekarar kuwa ta labarai ce. Sojojin Habsburg, gidan sarautar Ostiriya, sun yi wa birnin Buda na Hangari ƙawanya, suka ƙwace shi daga hannun Turkawan Daular Usmaniyya a ranar 2 ga Satumba 1686, Yahudawan birnin kuma suka sha kisa da bauta. A Faransa Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ke kare Furotestan a 1685, dubbai na ta gudu zuwa Holan. Ga labarin jiragen ruwa da 'yan fashin teku, ga hukuncin kotun coci a Fotugal, har da labarin Yahudawan Indiya. Ba jaridar wa'azi ba ce, ba kuma ta al'amuran unguwa ba. Duniya ce aka kawo wa ɗan kasuwar da ke son ya san ko hanya lafiya.

Dalilin da ya sa jarida ba ta tsufa

Littafi ana yin sa don a ajiye, jarida kuwa don a karanta a yar. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a naɗe cikin jaridar jiya ya san ƙarshenta. A nan masu tara tsofaffin jaridu da mujallu suka bambanta da masu tara littattafai: abin da suke nema babu wanda ya yi niyyar ya rayu.

A wurin Yahudawa kuma akwai wata ƙofar ɓata ta biyu, wadda mai karatu Musulmi zai gane nan take. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ko bayanin Attaura ba a jefa ta a shara. Ana tara irin waɗannan a wata ma'ajiya da suke kira geniza, in ta cika a kai maƙabarta a binne. Ta Alƙahira, a majami'ar Ben Ezra, ta shahara ne saboda an yi sa'a ba a binne kayanta ba, har masani Solomon Schechter ya kwashe kaso mafi girma zuwa Cambridge a 1897. Yawancin sauran ma'ajiyun irin wannan ƙasa ta cinye kayansu. To dubi yadda abin ya kasance: jaridar labarai raini ke kashe ta, mujallar malamai kuwa girmamawa ke binne ta.

Mujallun Attaura wani fanni ne mai zaman kansa, kuma su ne suka fi ba masu tarawa wahala. Dandali ne na malamai, inda wani zai aiko da tambayar fiƙihu, wani ya ba da fatawa, na uku ya yi raddi bayan wata biyu. Daga cikin na farko-farko akwai Shomer Zion HaNe'eman, wadda ta fito a Altona daga 1846 zuwa 1856 ƙarƙashin Rabbi Jacob Ettlinger. A garin Vác na Hangari, David Zvi Katzburg ya riƙe Tel Talpiyot, wadda ta fito daga 1892 har 1938. A Slutsk an fara Yagdil Torah a 1908. Ba a buga su da yawa, masu sayensu malaman ƙananan garuruwa ne da almajirai marasa hali, kuma yawancin garuruwan nan yaƙin duniya na biyu ya share Yahudawansu. Sau da yawa a irin waɗannan shafuka kaɗai za ka ga rubutun wani malami da bai taɓa samun kuɗin buga littafi ba. In fitowar ta ɓata, shi ma sunansa ya bi ta.

Shi ya sa a wannan harka ba a cika kallon fitowa ɗaya ba, cikakken jeri ake nema, daga lamba ta farko zuwa ta ƙarshe, da ƙarin shafukan da akan cusa a tsakiya. Raddi ba tare da maganar da aka yi wa raddin ba rabin zance ne. Haɗa jeri kuwa aiki ne na shekaru. Ɗauki Ha-Levanon: a Kudus ta fara a 1863, ta koma Paris, ta koma Mainz, ta ƙare a Landan. Wanda ya saye ta a gari ɗaya da wuya ya bi ta zuwa na gaba.

Wani abin mamaki, tsufa ba shi ne rauni ba. Takardar ƙarni na 17 da tsumma ake yin ta, tana iya shekara ɗari uku tana nan garau. Daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma takardar ɓawon itace mai tsami a jikinta, wadda ke yin ja ta rinƙa marmashewa da an taɓa. Ta fuskar jiki, Kurant ta 1686 ta fi mujallar 1910 lafiya.

Mutum biyu da suka raya ta

Na farko ba shi da suna a tarihi. Wani ne da ya ƙi yar da jaridarsa, ya jera fitowa bayan fitowa, har aka ɗaure su wuri ɗaya. Ni a ganina shi ne gwarzon labarin nan. Warwaron takarda ba ya kai shekara goma a gida mai yara da ɓeraye, amma da zarar an yi masa bango ya shiga sahun littattafai, magada sai su ji nauyin zubar da shi. Da wannan rigar aro jaridar ta yi shekara wajen 200 tana yawo ba wanda ya san da ita.

Na biyu shi ne David Montezinos, wanda ya rayu daga 1828 zuwa 1916. Shi ne mai kula da ɗakin karatu na Ets Haim, na jama'ar Yahudawan da asalinsu Fotugal da Sifen ne, wanda aka kafa a 1616, yake kuma cikin harabar babbar majami'arsu da aka gama ginawa a 1675. Montezinos mayen takarda ne, irin mutanen da ba sa wuce tulin tsofaffin littattafai ba su tsuguna ba. Labarin da ake bayarwa shi ne a titi ya sayi kundin daga hannun wani mai talla. Tsintar dami a kala, in ji masu iya magana, amma damin nan mutum dubu sun wuce shi. Sai mai ido ya buɗe ɗan littafin da ba shi da shafin take, ya ga kwanan wata na maimaituwa, Talata, Juma'a, Talata, Juma'a, ya gane me ke hannunsa. A lura kuma, jaridar talakawan Ashkenazawa ce, amma ɗan ɗaya ɓangaren, wanda Yidish ba harshen gidansu ba ne, shi ya tsamo ta.

Montezinos ya yi abin da ake yaba wa mai tarawa da shi. A 1889 ya ba Ets Haim tarinsa kyauta, abin da ya kai kimanin guda 20,000 na littattafai da ƙasidu da rubutun hannu da zane-zane, har aka haɗa sunansa da na ɗakin karatun. A nan Kurant ta samu gida. Daga farkon ƙarni na 20 masana suka fara rubutu a kanta, kuma a tsakiyar shekarun 1930 marubutan Yidish sun yi bikin cikar jaridunsu shekara 250, suna ƙirgawa daga 1686.

Yaƙi, da abin da ya biyo baya

Jamus ta mamaye Holan a watan Mayun 1940. A 1943 rundunar Alfred Rosenberg mai wawure kayan tarihi ta zuba ɗakin karatun a akwatuna ta aika Jamus, don amfanin cibiyar da 'yan Nazi suka kafa a Frankfurt ta "nazarin matsalar Yahudawa". Bayan yaƙi sojojin Amurka suka tattara miliyoyin littattafan da aka sace a wani babban sito a Offenbach, daga can kuma kayan Ets Haim suka dawo Amsterdam a 1946, kusan cif. Kurant na ciki.

Littattafan sun dawo, masu karanta su ne ba su dawo ba. Cikin Yahudawan Holan kimanin 140,000, sama da 100,000 aka kashe. Jama'ar da ta rage 'yar kaɗan ce, ga tsohon gini mai danshi, ga dukiyar da ta fi ƙarfin aljihunsu. A ƙarshen shekarun 1970 aka yanke shawarar kai mafi darajar kayan aro zuwa babban ɗakin karatu na ƙasa da jami'a da ke Kudus, inda akwai ma'aikata da kayan adanawa. Shawara ce ta hankali, ban ga abin zargi a cikinta ba. Amma a cikin wannan tsakani ne aka nemi kundin Kurant sama ko ƙasa aka rasa. A shekarar 2000 kayan suka koma Amsterdam bayan an gyara ginin, a 2003 hukumar UNESCO ta sa ɗakin karatun cikin rajistarta ta kayan tarihin duniya. Yana nan yau da rubutun hannu sama da 500 da bugaggun littattafai wajen 30,000. Kakar jaridu dai ba ta cikinsu.

Ina gizo ke saƙa

Ba a kama kowa ba, ba a kuma tabbatar da laifi a kan wani mutum ko wata hukuma ba, don haka ba zan ɗora wa kowa jakar tsaba ba. Abin da za a iya dubawa shi ne yadda irin wannan kaya ke salwanta, don hanyoyin sanannu ne ga duk wanda ya taɓa kwashe ɗakin karatu.

Akwai sata, kuma ita zuciya ke fara kawowa. Sai dai abin da guda ɗaya ne a duniya mugun kayan sata ne. Ba dillalin kirki da zai karɓa, ba gidan gwanjon da zai sa shi a kasidarsa ba tare da an gane shi a ranar ba. Wanda ya ɗauka, in an ɗauka ɗin, ya sayi abin da ba zai iya nuna wa kowa ba, kuma daɗin tarawa rabinsa nunawa ne. Haɗarin irin wannan yana zuwa ne bayan mutuwarsa, lokacin da magada za su tarar da ɗan littafi ba take, ba suna, da rubutun da ba sa iya karantawa.

Akwai kuma ɓata a cikin gida, wadda ba ta da armashin labari amma ta fi yawan faruwa. A ɗakin karatu mai littafi dubu talatin, wanda aka mayar a kantar da ba tasa ba daidai yake da wanda aka jefa rijiya. A nan rigar aron da ta ceci jaridar ta zama mata matsala. Daga waje ba ta da maraba da ƙaramin littafin addu'a, irin wanda ake da ɗaruruwansa. Attaura mai ado da ruwan zinare kowa zai lura in babu ita. Wannan kuwa sai ranar da wani ya zo nema.

Abin da ya haɗa hanyoyin biyu shi ne lokacin kwasa. Muddin kaya na kan kanta, akwai mai kula da shi wanda ya san mazauninsa ko da ido rufe. Ranar da aka sa shi a akwati, wannan sani ya tashi daga aiki, sai abin da aka rubuta a takardar lissafi. Mai bayarwa yana ganin ya tura, mai karɓa bai san ya kamata ya gani ba, kowa na zaton yana wurin ɗan'uwansa, shekaru su wuce kafin a haɗa lissafi biyu. Abin takaici, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, shi ne ɓarayin 1943 sun kwashe shi sun yi ta yawo da shi a ƙasar da ake ruwan bama-bamai, ya dawo lafiya. Ba kirkinsu ba ne, akwatunan ne da yawa ba su samu sukunin buɗewa ba. Rufaffen akwati ya fi hannu mai kyakkyawar niyya tsaro.

Da babu gara ba daɗi

Abin da ya hana wannan zama asara ɗungurungum shi ne an ɗauki hoton shafukan kafin kundin ya ɓata, kuma kwafin hotunan sun watsu a hannu fiye da ɗaya. Da su Hilde Pach ta yi aikin digirinta na uku a Jami'ar Amsterdam, wanda ta kammala a 2014. Ta ɗauki labaran Kurant ta jera su kafaɗa da kafaɗa da jaridun Holan na ranakun, don ta ga me Moushe ya ɗauka, me ya bari, ina ya sauƙaƙa, ina ya karkata zancen don ya dace da kunnen Bayahude. Wannan aiki hoto ya ishe shi, don kalmomi yake bi.

Amma hoto fuska kawai yake ɗauka. Takardar da aka yi da hannu tana da tambarin masana'anta a cikin jikinta, wanda sai an ɗaga ta a haske ake gani, kuma da shi ake gane inda maɗaba'a ke sayen takarda. Ɗinkin bango da irin fatar da aka yi amfani da ita suna faɗin zamanin da aka ɗaure kundin, wataƙila ma garin. Ɗaurin da kansa kan nuna ko an yage wani abu daga gaba ko daga baya, wanda ke da muhimmanci ga mai son sanin ko 9 ga Agusta ce ranar farko ko kuwa nan ne kawai mai tarawar ya fara ajiya. Duk tambayoyin da suka shafi mutumin farko, wanda ya ƙi yar da jaridarsa, amsarsu na jikin kundin ne, kuma sun tafi tare da shi.

Yau harkar ta sauya fuska. Jami'ar Tel Aviv da ɗakin karatu na ƙasar Isra'ila sun ɗora ɗaruruwan tsofaffin jaridun Yahudawa a intanet, ana bincika su da kalma. Ɗakin karatun Jami'ar Frankfurt ya yi irin haka da na Jamusanci a shirin Compact Memory, mujallun Attaura da dama kuma suna cikin rumbunan littattafai na intanet HebrewBooks da Otzar HaHochma. Wasu na cewa wannan ya kashe kasuwar masu tarawa, tunda abin da mutum zai yi shekara ashirin yana farauta yanzu yana cikin wayarsa. Ban yarda ba gaba ɗaya. Na'ura ba ta ɗaukar hoton abin da babu shi, kuma jerin da ke intanet sau da yawa faci ne, an ɗauko shekara uku daga wannan ɗakin karatu, biyu daga wancan, lambar da ta rage kuma daga akwatin wani tsoho da ya saye ta a gwanjo. Giɓin da ke cikin jerin shi ne aikin da ya rage wa mai tarawa, kuma yanzu ya fi sanin wace lamba ce babu, don kowa na ganin inda ramin yake.

Abin da lamarin Kurant ya canza wa mai hankali a cikinsu shi ne jerin aikin. Da can burin shi ne ka samo, ka ɓoye, in ka tsufa ka ba wata cibiya ka huta. Montezinos ya bi wannan hanya sau da ƙafa, kuma ba ta isa ba. Wanda ya ɗauki hoton shafukan shi ya sa ake da abin karantawa yau. Shi ya sa wanda ya samo lambar Tel Talpiyot ko Yagdil Torah da babu irinta a ko'ina, kafin ya kai ta wurin mai ɗauri, kafin ma ya yi wa abokai albishir, gara ya shimfiɗa ta ya ɗauki kowane shafi, har bango da gefen da wani ya yi rubutu da alƙalami, ya rubuta inda ya saya da ranar, ya aika wa mutum uku da ba gari ɗaya suke ba. In kuma zai ɗaure, ya sa a buga sunan mujallar da shekarunta a ƙashin bayan kundin, da baƙin Ibrananci da na boko duka biyu.